Maganin Kare

Ni da kare ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba. Amma shekarar da Caina ta karɓi wasannin Olamfik, sai ga ni ina kwana a mota ɗaya da karnuka biyu, numfashinsu a kunnena. Neman halal babu inda ba ya kai mutum.

Jakunkunan mata nake sarowa daga Guangzhou in kai Kano. A waccan shekarar garin ya yi mana zafi ta ko'ina. Biza sai an sha wuya, masaukan da muka saba sauka kusa da titin Zhanxi Lu kuwa kana shiga za a ce maka “meyo”, wato babu. Na gaji da jan akwati ƙofa-ƙofa, sai na kai kukana wajen matar da nake sayen kaya a hannunta a garin Shiling. Laoban nake ce mata, yadda ake kiran duk mai shago a can, ita kuma ta ce min Mama, alhali ta girme ni nesa ba kusa ba. Mijinta ya rasu ya bar mata wata tsohuwar bas da ya mayar ɗaki, da gado biyu da risho da labule. Ta ce in zo mu zaga ƙananan masana'antun ƙauye, mu riƙa kwana a ciki. Ba ta ce min da karnuka za a tafi ba sai da na sa ƙafa.

Ɗaya fari ne ƙarami, mai haushin banza. Ɗayan tsoho ne ja, kunnensa ɗaya a karye, shi ne na marigayin. Duk lokacin da na maƙale a jikin taga sai Laoban ta ce, “Gou bu yao, Mama, bu yao,” tana haɗa haƙora tana girgiza kai. Da haka na gane gou shi ne kare, yao cizo, wai ba ya cizo. Na ce a raina, kowa haka yake faɗa a kan nasa.

Tafiyar ba daɗi. Zafi mai danƙo, gumi ba ya bushewa, shinkafa da ganye safe da yamma don ban yarda da namansu ba. Sallayata a leda nake ƙulle ta saboda gashin kare, in lokaci ya yi in shimfiɗa a bakin titi, manyan motoci suna kaɗa min hijabi. Duk shagon da muka tsaya talabijin na nuna masu gudu da masu iyo, ni kuwa ƙafafuna sun kumbura kamar burodi.

Wata rana Laoban ta shiga wata masana'anta ciniki, ni na koma mota ɗauko butata. Ban ga tsohon karen a ƙarƙashin gado ba, na taka masa jela. Ya juyo ya kafa min haƙori a idon sawu. Ba wani rauni ba ne, huda biyu da ɗan jini. Amma sai na zauna daɓas.

Ina yarinya kare ya ciji yayana a hanyar gona. Shi ma ɗan huda ne, aka shafa toka aka manta. Bayan wani lokaci ya fara zabura. Abin da har yau bai fita daga idona ba shi ne ruwa. Yana kukan ƙishi, Inna ta kawo moɗa, yana ganin ruwan sai maƙogwaronsa ya shaƙe, ya kawar da kai. Haka ya tafi da ƙishinsa.

Na wanke wurin da sabulu, na ja ƙafa zuwa kantin magani. Ban jira Laoban ba, haushinta nake ji. Na ce wa mai kantin, “Gou yao.” Ya ce meyo, ya nuna min wani shago can gaba. A can wata mata ta gyaɗa kai, ta buɗe hannuwa tana tambaya babba ne ko ƙarami. Na nuna babba. Ta miƙo kwali da hoton kare a jiki. Na ce yawwa, maganin cizon kare ai dole a zana kare. Na afa ƙwaya biyu da bismilla.

Kafin la'asar cikina ya ɗauki ƙugi. Motar ba ta da bayan gida. Abin da na gani a gefen gonakin mutane, ni da butata, ba na faɗa ba ne.

Laoban ta tsinci kwalin a kan gadona. Ta kalle shi, ta kalle ni, ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Da guntun Turancinta ta fahimtar da ni cewa yao ɗin cizo daban, yao ɗin magani daban, hawa da saukar murya ce ke raba su. Ashe na je na ce a ba ni maganin kare, aka ba ni na tsutsar cikinsa. Kai, na ji kunya! Ni Bahaushiya da na san kukar miya daban, kukan hawaye daban, amma na kasa jin nasu.

“Dariya kike yi, Laoban? Karenki ne ya cije ni!” Na ɗaga zani na nuna mata.

Dariyar ta ɗauke ɗif. Ta ja mota sai asibiti. Aka yi min allura, likita ya ce in dawo a ƙarasa sauran, a kuma sa ido a kan karen, in ya ci gaba da ci da sha to hankali ya kwanta. Laoban ta ce tana jin an yi masa rigakafi, amma mijinta ne ke kula da wannan, ita ba ta san yaushe ba.

Washegari tsohon karen ya ƙi abinci. Ya shige ƙarƙashin mota ya kwanta, harshe a waje. Laoban ta tura masa kwanon ruwa, ya kawar da kai. Wannan kawar da kan na gani, sai yayana ya faɗo min a rai. Muka bar zancen jakunkuna, muka faka a gindin wasu bishiyoyi. Ita tana gadinsa don na mijinta ne, ni ina gadinsa don tsoro. Ko tari na yi sai in shafa wuyana in haɗiyi miyau in ji ko ya wuce.

Da azahar ɗin wata rana na tsuguna alwala a gefen motar, ruwa yana zuba yana taruwa a ɗan rami. Sai na ji motsi. Tsohon ne ya rarrafo da ƙyar, ya sa baki a ramin. Na ji harshensa yana lasa. Ban matsa ba. Na karkata butar na ci gaba da tsiyaya masa a hankali, yana sha, yana sha, har ta ƙare.

Ban san ina kuka ba sai da Laoban ta dafa kafaɗata. Ta nuna ƙafata ta ce, “Mama, ciwo?”

Na girgiza kai, na miƙa mata butar ta ƙaro ruwa. Ba ni da yaren da zan gaya mata wanda nake ba wa ruwan nan.