Ruwan da Malam Ya Sha Don Takara

Ni ban so Malam ya shiga takarar nan ba, kuma har yanzu da furfura ta gama cinye kaina ban sake ra'ayi ba. Malam shi ne maigidana, Allah ya jiƙansa. Lokacin da nake magana Turawa ba su riga sun tafi ba, ana ta shirin zaɓen waɗanda za su wakilci jama'a a majalisar dokoki ta jiha, can Kaduna. A Lafia abin sabo ne fil. Mata ba su jefa ƙuri'a a zamanin, namu dafa abincin masu zuwa lacca da wanke kwanukan da suka bari.

Malam ɗan gari ne gaba da baya. Kakanninsa Barebari ne da suka daɗe da zama, mahaifinsa malamin kotu. Ya yi boko, ya fito malamin asibiti, ya kwashe shekaru a ɗakin shan magani yana wanke gyambo yana ɗaure rauni. A nan ne ya ƙulla gaba da kurkunu. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah kada ya sa su sani. Tsutsa ce fara, siririya kamar zaren ɗinki, tsawonta ya fi hannun babban mutum. A ruwan tafki ake shan ƙwanta, ta kwanta a jiki shiru wajen shekara guda, sannan ta huda fata ta leƙo, yawanci a ƙafa. Ba a fizge ta. Naɗe ta ake yi a ɗan kara, kaɗan-kaɗan kullum, har ta ƙare. In ta tsinke a ciki kuwa, ƙafa ta kumbura ta yi ruwa, wani ya tashi, wani ya gurgunce.

Ni ba a littafi na san wannan ba. 'Yar Keana ce ni, uwata mai dafa gishiri, shi ya sa Malam yake tsokanata da 'yar gishiri. Kurkunu ya tsinke wa babana a gwiwa tun ina goye, na buɗe ido na gan shi yana jan ƙafa da sanda, ƙato da shi, amma ko itacen da uwata za ta hura wa tukunyar gishiri ba ya iya ɗauko mata. Saboda haka ko sunan ciwon aka ambata sai tsigar jikina ta tashi.

Da Malam ya tsaya takara, alkawuransa ba su da yawa. Yana so a gyara hanyar Keana da ta Awe don masu gishiri su daina kwana a daji da jakuna, yana so a ƙara ɗakunan shan magani. Amma gaba da komai rijiya. Rijiya mai baki na siminti da murfi a kowane ƙauye, domin mutane su bar shan tafki. Ya ce kurkunu yana kwantar da ƙauye ne daidai lokacin sharar gona, to ina amfanin hanya in babu doyar da za a ɗauko a kanta. Abokin karawarsa wani attajiri ne mai sayen riɗi, iyayensa daga arewa suka zo fatauci suka zauna. Shi gada da kasuwa yake wa mutane alkawari, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai kyauta.

Inda aka kama Malam shi ne kwalba. Tun kafin in aure shi ba ya shan ruwan da ba a tafasa an tace ba. Kullum da safe nakan cika masa wata koriyar kwalba, ya rataya a jakar kekensa. To, a ƙasarmu kuwa, ko gidan ƙabilar Alago ka shiga, ko na Eggon, ko Migili, ko Gwandara, kafin a tambaye ka gajiya sai an miƙo maka ruwa a ƙwarya. In ka ƙi sha, ɗayan biyu ka faɗa ba da baki ba: ko dai ƙazamai ne su, ko kuwa kana zaton za su ba ka guba. Mawaƙan attajirin suka samu abin yi. Suka laƙaba masa Mai Kwalba, suna bin ƙauyuka suna tambayar mutane, wanda ya ƙi ƙwaryarku yana neman ƙuri'a, in ya je Kaduna zai tuna da ku? Har yaran unguwarmu suka ɗauki waƙar. Na taɓa korar wasu da muciya daga ƙofar gida.

Wata rana da la'asar wani dattijo ya zo daga wani ƙauye da ke bayan Kwandere. Manomi ne, Hausarsa ba ta nuna sosai ba, kuma shi ke tara wa Malam mutane a wajensu. Ina tsakar gida ina tankaɗe, maganarsu tana zuwa mini daga zaure.

“Malam, maganar rijiya ya yi kyau,” in ji dattijon. “Amma mutane ya ce kai ba ka son mu. Matana ya kawo ruwa, ka ce tankiyu, ka buɗe botul naka. Ya yi kuka fa. Ni ba zan iya ce musu su ba ka fot ranar zaɓe ba.”

Sai na ji Malam ya ce, “Na ji, baba. Ka ba ta haƙuri. In na dawo zan sha.”

Rariyar da ke hannuna sai da na ajiye ta.

Washegari na cika kwalba kamar kullum. Ya fito da keke, ya wuce ta a bakin randa ko kallo bai yi mata ba. Na ɗauka na bi shi har bakin zaure.

“Malam, ka manta kwalbarka.”

“Ban manta ba, 'yar gishiri. Mayar da ita.”

“Kai da bakinka ka gaya mini abin da ke cikin ruwan nan.”

“Na gaya miki. Shi suke sha, su da 'ya'yansu.”

“Su ba su sani ba. Kai ka sani.”

Ya gyara zaman hularsa, ya ce in yi masa addu'a, ya tura kekensa waje. Na tsaya da kwalba a hannu, don na san halinsa. Mutum ne mai sanyin magana, amma in ya kafe, gara ka yi da dutse.

Babu dabarar da ban yi ba. Na ɗinka masa ɗan farin ƙyalle a aljihu don ya riƙa tacewa, ya ce tace ruwa a gaban mai gida ya fi ƙin sha muni. Na ce to ya riƙa cewa yana azumin nafila. Wannan kam ya gwada, har ya yi azumin da gaske don kada ya yi ƙarya, sai ga mawaƙan nan sun ƙara baiti, wai Mai Kwalba ba ya azumi sai ranar zuwa ƙauye. Ya dawo yana dariya yana ba ni labari. Ni ko murmushi ban yi ba.

Rani ne sosai, rafuka sun janye, saura kududdufai da mutane da shanu suke rabawa. Duk yamma in ya dawo nakan tambaye shi wane irin ruwa ya sha yau. Wani lokaci ya ce na rafi ne mai gudu, in ɗan samu sauƙi. Wani lokaci ya yi shiru, in gane cewa irin mai kalar kunun nan ne. Waɗanda suke raka shi sun ce in ya shanye sai ya ɗaga ƙwaryar sama ya ce wa jama'a, “Kun ga na sha. Wannan ruwan da na sha, shi nake so in raba ku da shi.” Sun ce daga nan wuri yakan yi tsit, har tsofaffin da suke cewa kurkunu jifa ne ko taka sawu sukan tsaya su saurare shi. Aka yi ta yaba masa. Ni kuwa duk yabon nan jinsa nake kamar ana ƙirga mini tsutsotsin da ya haɗiye.

Ya ci zaɓe. Gidanmu ya cika, mata suna ta guɗa, ana ce mini matar ɗan majalisa. Na yi ta amsa barka da fatar baki. Abin da ban iya gaya wa kowa ba shi ne, su a wajensu an gama, ni a wajena yanzu aka fara, domin kurkunu ba ya gaggawa.

Shekarar nan ban san daɗinta ba. In Malam ya zauna alwala ya naɗe wando, sai in ƙirƙiri abin da zai kai ni kusa, in ƙura wa ƙafafunsa ido. In ya sosa ƙwauri gabana ya faɗi. Cizon sauro ma sai na taɓa na ji ko da zafi. Har ya gaji ya ce, “Ke, ƙafar nan tawa ce ko taki?” Na ce tamu ce, don in ta lalace ni zan yi jinya. Ya je Kaduna ya dawo, ya sake zuwa, kullum sai ya ce sababbin shiga ba a ba su baki da wuri, amma an yi masa alkawari maganar rijiya za ta zo gaba. Damina ta wuce, kaka ta wuce. Har na fara ce wa kaina wataƙila Allah ya tsare.

Da rani ya zagayo sai zazzaɓi ya kama shi, jikinsa ya yi ta ƙaiƙayi. Kwana kaɗan bororo ya taso a ƙasan gwiwarsa ta dama, yana cewa kamar an ɗora masa garwashi. Da ya fashe, na ga ɗan farin kan nan ya leƙo. Na zauna a ƙasa. Shi kuwa ya dube shi kamar wanda ya ga tsohon sananne, ya ce in tafasa ruwa, in samo ɗan kara mai santsi.

Ni ya sa naɗin, don shi ba ya iya sunkuyawa daidai. Kowace safiya in wanke hannu, in jiƙa wurin, in kama karan in juya a hankali. Yana ce mini, “Kaɗan. In kika ji ta ja, ki tsaya.” Gumi yana shiga mini ido, ina jin tsutsar tana ja da baya a ƙarƙashin yatsuna kamar mai rai da wayo. Wata rana a samu tsawon gaɓar yatsa, wata rana ko rabin haka. Babu wanda ya san saura nawa a ciki. Ban taɓa jin tsoro irin na safiyoyin nan ba, tsoron kada ya zama hannuna ne zai gurgunta mijina.

Muna cikin haka masinja ya zo da saƙon cewa majalisa za ta zauna, kuma an sa maganar rijiyoyi a wannan zaman. Na ce ba inda za shi. Na ɗaga murya a ranar, abin da ban saba ba, har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga.

“Malam, ka bari ta gama fita. Majalisar guduwa za ta yi?”

“In ba na nan za a tsallake maganar sai baɗi. Baɗi kuwa wani ranin ne, wasu mutanen za su sha.”

“To ni fa? Ni ba mutum ba ce?”

Ya ce dai in ɗaure masa wurin da kyau. Na naɗa auduga, na bi da ƙyalle, na sake bi da wani, ina yi hawaye yana zuba a kan ƙafarsa. Aka ɗora shi a keke aka tura shi tashar jirgin ƙasa.

Wanda ya raka shi ne ya ba ni sauran labarin. Jirgin ya cika maƙil, a wata tasha aka yi turereniya, buhun wani ya zame ya bugi ƙafar. Malam ya ce wash sau ɗaya, ya kwance ƙyallen ya duba, ya mayar ya ɗaure. Ta tsinke. Aka ce ya sauka a nemi asibiti, ya ƙi. Kafin ranar zama ƙafar ta suntume har wando ba ya shiga, sai da aka farke shi. A haka aka riƙe shi ya shiga, ya dafa benci ya yi maganarsa har ƙarshe, daga nan aka wuce da shi asibiti. An tona rijiyoyin daga baya, ba duka ba, kuma ba da wuri ba. Mutane sukan so in ce abin ya biya. Ni ban taɓa iya faɗa ba.

Ya daɗe a can kafin a dawo mini da shi. Ya rame, kumburin ya saɓe, gyambon ya kama hanyar warkewa, amma gwiwar ta ƙage, ƙafar a miƙe kamar taɓarya. Ya ce mini za ta saki a hankali. Na ce to. Shi malamin asibiti ne, ni kuma 'yar babana ce, duk mun san ba haka ba ne.

Ranar da ya fara jin ƙarfin tsayuwa, ya ce a shimfiɗa masa buzu a tsakar gida zai yi la'asar a tsaye. Ina gefe ina tsince shinkafa, na yi kamar ban kula ba. Ya yi kabbara, ya yi karatu, ya yi ruku'u ya ɗago. Da ya zo tafiya sujada sai ƙafar ta ƙi. Ya tsaya. Ya sake gwadawa, ya dafa bango, ya karkata gefe har na zabura zan tare shi, ya koma ya miƙe. Ya daɗe a tsaye, kansa a sunkuye. Sannan, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, “'Yar gishiri, miƙo mini kujerar nan.”

Na ajiye faifan na kai masa. A kanta ya yi sallah har ya bar duniya, goshinsa bai ƙara taɓa ƙasa ba.