Malam Mande da Hoton da Kowa Ya Ƙi Ɗauka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata da safe na hau babur na nufi gidan Malam Mande mai hoto a nan Gusau, domin mun yi da shi zan kai shi Tsafe wani aiki. Tun daga bakin lungu na hango tabarmi a shimfiɗe, ga takalma birjik a gefe. Na kashe babur. Wani maƙwabcinsa ya taso ya kama hannuna ya ce, "Lawali, sai haƙuri. Baba ya cika da asuba." Na san kwana biyu ba ya jin daɗin jikinsa, amma ko jiyan da yamma sai da ya aiko mini kada in makara, wai rana ba ta jiran mai babur. Aka yi masa sutura kafin azahar. Na bi sahu, na zuba ƙasa da hannuna, na dawo na zauna a tabarma.

Ni ɗan kabu-kabu ne. Shekara uku ke nan ina ɗaukar Malam duk inda aiki ya kira shi, Tsafe, Bungudu, Wonaka da ƙauyukan da ke tsakani. Ba ɗansa ba ne ni, ba kuma almajirin sana'arsa ba. Amma wanda ka goya a bayanka shekara uku cikin ruwa da taɓo, ka san wani abu game da shi, kuma shi nake so in faɗa wa waɗanda suka san shi da waɗanda ba su san shi ba.

Masu hoto suna da yawa a garin nan, musamman tun da aka ba mu jiha. Kowa yana da shago da labule mai zanen bene da fitila mai walƙiya. Malam ba shi da shago. Kyamara ɗaya gare shi a jakar fata, sai wani farin ƙyalle da yake naɗewa a aljihu. Kuma jarirai kaɗai yake ɗauka. Na sha ganin an kira shi hoton biki ya ce a nemi wani. Abin ya daɗe yana ɗaure mini kai, na yi ta tambayarsa, kullum da amsar da yake ba ni. Wata rana ya ce, "Babba tun daga gida yake shirya fuskar da zai zo da ita. Jariri bai iya ba tukun." Wata rana kuma ya ce kawai su ba sa cewa an ɓata musu hanci. Har ya koma ga Allah ban san wacce ce ta gaskiya ba.

Yadda yake aikin ma abin kallo ne. Ba ya shiga cikin gida, a zaure ake fito masa da yaro. Sai ya sa tsohuwar da ta riƙe shi ta zauna dab da bakin ƙofa, inda hasken hantsi ke shigowa ta gefe, ba a cikin rana ba, ba kuma a duhu ba. Ya miƙa wa wani farin ƙyallen ya riƙe ta ɗaya gefen, sai ka ga kumatun da ke inuwa ya yi haske kamar an wanke shi. Fitilar nan mai walƙiya kuwa ko sau ɗaya ban ga ya kunna ba. Ya kan ce, "Idon da bai daɗe da fitowa daga duhu ba, mi ya yi maka za ka watsa masa wuta?" Kafin ya ɗaga kyamara sai ya ce tubarkalla da ƙarfi yadda matan da ke bayan ƙofa za su ji, don kada wata ta kwana da tsoron baki. Daga nan ya durƙusa ya matsa, ya ƙara matsawa, har sai fuskar ta cika masa ido. Iyaye mata sukan yi ƙorafi cewa sun ɗinka riga da hula ba a gani ba. Ya ce, "Rigar ta tela ce. Fuskar ce taku."

Sai kuma jira. Ba ya tafi, ba ya kaɗa makulli, ba ya barin kowa ya yi wa yaro wasa. Akwai ranar da muka zauna a wani zaure a Wonaka tun hantsi har rana ta kusa tsakiya, yaro yana ta barci, ni ina ta leƙen babur. Da na gaji na ce a ɗan taɓa ƙafarsa mana. Malam bai ko dube ni ba ya ce, "Mu muka zo wurinsa." Da yaron ya buɗe ido ya yi hamma, ƙyas ɗaya Malam ya yi ya miƙe. Ba ya ɗaukar yaro sau biyu sai dole.

Yanzu zan zo ga abin da ya shafe ni. A farkon daminar bana iyalina ta sauka a gidansu a Bungudu, haihuwar fari, aka sami ɗiya mace. Ba zan rubuta sunanta ba, kun san dalili. Ranar suna an fito da ita cikin zane a gaban surukina da manyan unguwa, ni kuwa kaina yana ƙasa. Tafin ƙafarta kaɗai na gani. Uwar tana can tana wankan jego, sai an kwana biyu za ta dawo. Ana nan sai aka aiko mini yarinya ba ta da lafiya, zazzaɓi, kuma kowa ya san abin da zazzaɓin damina yake yi wa yara. Na je gaisuwa. Na zauna a zaure, surukina ya ce da sauƙi, na ce Allah ya ƙara sauƙi, na tashi. Bakina bai iya cewa a fito mini da ita ba. A hanyar dawowa abu ɗaya ke cina: idan Allah ya karɓi abinsa, ban san fuskar ɗiyata ba.

Ban faɗa wa kowa ba. Amma bayan 'yan kwanaki, muna tafe, Malam ya ce daga bayana, "Lawali, kwanan nan duk yaron da aka fito da shi sai ka taso ka leƙa. Da can babur kake gadi." Ya ce, "Jibi mu je Bungudu. Na daɗe ban ɗauki 'yan can ba."

Da muka isa bai ambaci sunana ba. Ya gaida surukina ya roƙi aron zaurensa, wai haskensa ya fi na kowa a unguwar, ya ce duk mai jariri ta aiko da shi. Haka ya rufa mini asiri, babu wanda zai ce saboda ni aka zo. Ni kuma na tsaya can nesa ƙarƙashin bishiyar bedi ina goge babur ɗin da ba shi da datti. Da ya fito ya ce, "An ɗauke ta hoto. Ta fara shan nono, kada ka damu. Sai dai fim ɗin sabo ne, sai mun cika shi a Tsafe za a wanke." Tafiyar Tsafen ce Allah bai nufa ba.

Bayan addu'ar uku Inna Kulu, matar Malam, ta aika a kira ni. Na tarar da yayan Malam, Alhaji Sule, wanda ya zo daga 'Yandoto, a zaure yana haɗa kayan marigayi wuri ɗaya. Kyamarar tana hannunsa, ya sa farce yana neman inda ake buɗe bayanta.

"An ce hotuna a ciki suke kwana," in ji shi. "Bari mu gani, in da na mutane a mayar musu. Kada mu bar shi da amana a wuya."

Na ce, "Alhaji, don Allah kada a buɗe. In haske ya taɓa shi duk sun ƙone."

Ya ɗago ya dube ni. "To, na ji. Amma kai mi naka a ciki da jikinka ke rawa haka?"

Akwai dattawa a wurin. Na ce, "'Ya'yan mutane ne a ciki, Alhaji."

Sai muryar Inna ta fito daga bayan ƙofa, a dushe saboda kuka. "'Ya'yan mutane ko? Alhaji, ba shi kyamarar. Malam ya faɗa mini. Ɗiyar wani mutum ce a ciki, mutumin kuwa ga shi nan yana zufa."

Dattawan suka yi dariya, dariyar farko a gidan tun ranar Talata. Alhaji ya miƙo mini da hannu biyu.

Na kai fim ɗin wurin mai wankin hoton da Malam ke kai wa a Sabon Gari. Da na karɓo hotunan a ambulan, na sami inuwa na buɗe. Fuskoki ne kawai, bakwai ko takwas, kowacce ta cika takarda. Babu riga, babu hannun mai riƙo, babu suna a baya. Malam bai taɓa rubuta suna ba. Shi da ya kalli hoto zai ce wannan na gidan maƙera ne, wannan jikar liman ce. Ya tafi da sanin a kansa. Ga ɗiyata a hannuna, ban san wacce ce ba.

Na jera su a kan kujerar babur na yi ta dubawa. Ban taɓa lura ba sai ranar cewa jarirai ba kama ɗaya suke ba. Wani ya haɗa gira kamar alƙali, wata kamar tana shirin tambaya, wani kunnensa ya naɗe. Na leƙa madubin babur na dubi hancina, na dawo na dubi nasu. A ƙarshe na tsayar da zuciyata a kan wata mai kumatu da faɗin goshi irin na mahaifina. Na cire ta na sa a aljihun gaba, sauran na mayar cikin ambulan.

Washegari na tafi Bungudu in mayar wa mutane amanarsu. Surukina yana gona. Kaka Tumba, kakar iyalina, ita ta fito ta karɓa, ta aika yara suka kira maƙwabta. Ina zaune a zaure ina jin matan a ciki, wannan ta ce ga nata, waccan ta ce Allah ya jiƙan mai hoto. Can sai na ji wata ta ɗaga murya. Ba a jima ba Kaka ta leƙo tana riƙe da ƙugu.

"Angon ƙarni, matar mahauci ta ce an ɗauki ɗanta ba ta ga nasa ba. Fito da ɗan mutane daga aljihunka."

Na fito da shi.

Ta kai shi kusa da idonta ta fashe da dariya. "Wanga ƙato ka zaɓa? Namiji ne fa! Kai ko kitso za ka sa a yi masa?"

Ta koma ciki. Na ji kamar in hau babur in gudu, amma na zauna. Hayaniya ta lafa, matan suka fita ɗaya bayan ɗaya. Sai ga Kaka ta dawo da hoto ɗaya a kife a tafin hannunta, wannan karon ba ta dariya.

"Kowa ta ɗauki nata," in ji ta. "Wanga kaɗai ya rage a tabarma. Akwai wata a ɗaki da ta kalle shi ta kau da kai, ta ce ita ba ta san ko ɗiyar wa ce ba. To tunda kowa ya ƙi ta, kai tafi da ita."

Ban juya shi a gabanta ba. Sai da na fita gari, na wuce gonakin gero, na tsaya a gefen hanya. 'Yar ƙarama ce, zazzaɓi ya rage mata kumatu. Ido ɗaya a buɗe sosai, ɗayan ta ɗan runtse, ga ɗigon nono a leɓenta. Haɓar uwarta ce sak. Nawa ban gani ba, sai dai ko kunnen. A cikin baƙin idonta akwai wani ɗan haske mai siffar ƙofar zaure, a tsakiyarsa kuma wani ɗan duhu kamar mutum a durƙushe. Ko Malam ne, ko wani abu ne daban, ban sani ba. Na daɗe a wurin. Motocin Gusau suna wucewa, wani direba har ya tsaya ya tambaya ko mai ne ya ƙare mini.

Yarinya ta warware, alhamdu lillahi, an ce har ta fara dariya. Amma ranar da ban san ko za ta tashi ba, mutum ɗaya ne ya gane abin da ke damuna ba tare da na buɗe baki ba, kuma ya yi mini maganinsa yadda ba wanda ya ji kunya. Ban samu na yi masa godiya ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Mande. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka sa ya amsa tambaya cikin sauƙi, ka sada shi da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka ba Inna Kulu da 'ya'yansa da Alhaji Sule haƙurin rashinsa, ka zama gatansu a bayansa. Ka raya yaran da ya durƙusa a gabansu, ka shirya su. Duk uwar da take da hoton Malam a ƙasan akwati, a Gusau ko Tsafe ko Bungudu, ina roƙonta ta ɗauko ta duba, ta karanta masa Ƙulhuwallahu. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.