Awa Guda da Ta Rufe Mana Hanya

Akwai ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba, wata Litinin ce a ƙarshen watan Maris, lokacin ina aikin rezo, wato haɗa kwamfutoci, a wata cibiyar likitoci da ke unguwar Plateau a Yamai. Ku da kuka zo bayana kun tarar da komai a shimfiɗe, shi ya sa nake son ku ji wannan.

Ga yadda aikin yake. Ƙananan asibitocin karkara suna da na'urar ɗaukar hoton ƙashi, wadda muke ce wa radiyo, amma ba su da likitan da ya ƙware wajen karanta hoton. Sai su ɗauka su ajiye a babbar na'urarsu, wato serbar, likitarmu kuma ta shiga daga buronta, wato ofishinta, a nan Yamai ta duba. Tsakanin kwamfutarta da serbar akwai rufaffiyar hanya da muke kira tunel. Ni ne mai shimfiɗa ta, in sa adireshin can, in sa kalmar sirri, in gwada. Idan tana aiki ba wanda ke tunawa da ni. Ranar da ta ƙi kuwa, har mai shara ya san sunana.

Da hantsi aka kira ni buron Dakta Balkisa, Badamagariya ce mai ƙarancin magana, ita ke karanta hotunan. Na same ta tsaye da waya a kunne. Ta ce, "Lawali, tunel ta ƙi buɗewa, kuma akwai mutum kwance."

Wanda ke kan wayar Manjo Sani ne, babban ma'aikacin jinya na wani ƙaramin asibiti a jihar Tawa. An kawo masa wani magidanci da ya faɗo daga saman kamiyo, babbar motar kaya, ana lodin albasa, ya bugu a wuya. Manjo ya ɗauki hoto, amma bai yarda da idonsa ba. Ya gwada ɗaukar fuskar na'urar da wayarsa ya turo, Dakta ta duba ta ce ba za ta yanke hukunci a kan wuyan mutum da wannan dishi-dishin ba, sai ta ga ainihin hoton. Dangin mutumin kuma sun matsa. Yayansa ya riga ya tsayar da motar kasuwa, ya ce in an sallame azahar Yamai ba ta yi magana ba, zai kai ƙanensa wurin wani maɗori a ƙauyensu. Hanyar duk ramuka ce. Dakta ta gaya mini a fili cewa idan akwai tsagewa a ƙashin, girgizar motar kaɗai ta isa ta kwantar da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Na zauna na bi abin daki-daki yadda aka koya mana. Wayar rezo tana nan a soke. Intanet tana tafiya. Na aika wa serbar ɗan saƙon gwaji, ta amsa, ke nan tana raye kuma akwai kuran, wato wutar lantarki, a can. Na sake rubuta kalmar sirri a hankali kamar mai koyon karatu. Serbar ta ce ba ta san mu ba. Na goge saitin tunel ɗin gaba ɗaya na sake shimfiɗa shi, amsar dai ita ce. Na sa Manjo ya kashe tasa na'urar ya kunna, ya yi, ba abin da ya sauya.

Kuna iya cewa me ya hana ni ɗauko wata kwamfutar. Serbar ba ta karɓar baƙuwa, sai wadda aka yi wa rajista, kuma mai ba da izinin rajistar yana hanyar Doso ranar, wayarsa ba ta shiga.

Klima na busa sanyi a ɗakin, amma rigata ta jiƙe sharkaf. Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba. Ta wayar ina jin hayaniyar dangin, ina jin Manjo yana cewa, "Alhaji, ka yi wa Allah ka ƙara haƙuri kaɗan."

Ana cikin haka aka fara kiran salla a masallacin bayan ma'aikatarmu. Sakatariyar Dakta, Madam Hamsatu, wata Bazabarma mai kirki da ta girme mu duka, ta shigo da ruwan sanyi. Ta leƙa fuskar kwamfutar, ta dubi agogon hannunta, ta yi murmushi.

"To, ko ba komai agogon kwamfutar dai ya daidaita," in ji ta. "Da safe na tarar ya yi gaba da awa guda cur. Na ce kar ya ruɗa Dakta, na maido shi."

Na juyo na ce, "Madam, da hannu kika maido shi?"

"Da me zan maido shi, ɗana? Ai ba wuya."

Nan take na gane. Kwamfutar kyauta ce daga wasu abokan aiki a Faransa, kuma tun da ta zo ba wanda ya sauya mata ƙasa, tana nan a kan lokacin Paris. Da sanyi lokacinsu da namu ɗaya ne, don haka ba mu lura ba. Amma su a ƙarshen Maris sukan tura agogonsu gaba da awa guda, kwamfutar kuwa ta bi al'adar gidansu a ranar Lahadi. Da Madam ta ja ta baya, fuskar agogon ta yi daidai da Yamai, amma lissafin cikinta ya koma baya da awa ɗaya. Ita kuma serbar, kafin ta buɗe wa kowa, sai ta gwada lokacinsa da nata. In sun saɓa da fiye da ƴan mintuna, takan ɗauka wani ne ya saci tsohon izini yake son shiga da shi.

Maza na sauya ƙasar zuwa Nijar, na bar kwamfutar ta ɗauko lokaci da kanta. Na danna. Tunel ta buɗe kamar ba ita ba.

Dakta ta ja kujera, ta buɗe hoton, ta ƙara girmansa. Ta ɗan jima tana kallo, sannan ta ce wa Manjo ya ba ta yayan. "Alhaji, ni ce likitar Yamai. Ƙashin wuyan ƙanenka ya tsage, amma bai goce ba. In ya shiga motar nan zai goce. Ka bar shi a ɗaure masa wuya, ambilans za ta zo ta ɗauke shi a kan katako." Sai muka ji ya ce, "To, likita. Na sallami motar."

Na zauna a ƙasa na jingina da bango. Madam Hamsatu kuwa ta sa gefen mayafinta a ido, tana cewa ita ta kusa kashe bawan Allah. Dakta ta dafa ta ta ce ba ta yi komai ba sai abin da kowa zai yi in ya ga agogo ya karkace. Gaskiya ta faɗa, kuma daga ni har Dakta ba wanda ya kai maganar gaban darakta da sunan Madam.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, mutanenmu ba sa ganin abu ya lalace su wuce. Sai sun sa hannu, kuma da zuciya ɗaya suke yi. In ka kunyata su, gobe za su gyara su yi shiru, kai kuma ka wuni kana laluben abin da kalma ɗaya za ta warware. Don haka duk na'urar da ta zo daga waje, ku fara duba ƙasar da take zaton tana ciki. In hanya ta ƙi buɗewa kuma, kafin ku zargi serbar, ku zauna da mutanen buron ku ji yadda safiyarsu ta kasance.

Bayan wasu makonni Manjo ya kira ni a kan wata matsalar daban. Har zai kashe wayar ya ce, "Af, mutumin nan naku ya zo jiya a cire masa abin wuya. Da ƙafarsa ya shigo."