Abin da Malam Altine Ya Gani a Filin Shagari

Ina cikin aji da alli a hannu na hango Ladan mai gyaran keke ya tsaya a gindin darbejiyar makarantarmu ta Boɗinga, ya ƙi ƙarasowa. Ladan ba mutumin tsayawa daga nesa ba ne, don haka tun kafin in fita na san ba lafiya ba. Ya ce, "Malam Sani, sai haƙuri. Malam Altine ya cika, yanzun ga da hantsi." Na yi salati, na tuna wa kaina cewa na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Amma tambayar da ta fara fitowa daga bakina ba ta jana'iza ba ce. Na ce, "Ummaru ya zo?" Ladan ya sunkuyar da kai. Ummaru shi ne babban ɗan marigayin, wanda ya bar gida cikin fushi tun kaka, kuma uban ya yi dukan kwanakin rashin lafiyarsa yana sauraren sallamar ɗan a ƙofa.

Wanda bai san Malam Altine a ido ba ya san muryarsa. Mutumin Lambara ne, manomin gero da albasa, wanda ya tashi yana kiran sunayen 'yan kokawa a filayen ƙauyuka idan an gama girbi. Da mulkin farar hula ya zo aka ajiye mana akwatin talabijin da janareta a gidan kallon gari, sai aka tarar da matsala: masu sharhin wasanni da Turanci suke yi, mutanenmu kuwa sai dai su ga ana gudu ana tsalle. Wata ranar ƙwallo Malam Altine ya miƙe, ya rage muryar akwatin, ya ce, "Malam Sani, matso nan kusa. Kai ka hwaɗa min sunayensu, ni in hwaɗa ma jama'a abin da suka yi." Haka muka fara aiki tare, ni mai raɗa, shi mai magana.

Ban taɓa ganin wanda wasa yake zama a bakinsa kamar shi ba. Idan ƙwallo ce, yakan gaya wa tsofaffi wane ɗan wasa ne mai rowa, wane ne mai haƙuri, wane ne ƙafarsa ta fi kansa sauri. Idan damben Turawa ne, yakan yi musu tsiya cewa an ba su hannu biyu da safa mai laushi amma suna ta rungumar juna. Ranar da aka nuna tseren gudu, ya dubi dogayen nan ya ce da ya samu ɗaya da ya huta da korar awaki daga fadamarsa. Mutane sukan yi dariya har da hawaye, amma a ƙarshe sun fahimci wasan. Makaho Ɗanjuma, wanda ba ya fashin zuwa, yakan ce shi ya fi kowa kallo, domin ta bakin Altine yake kallo, da kunne.

Abu ɗaya ne ba a wasa da shi a kansa. Idan hoto ya ɗauke, ko janareta ta yi tari, samari sukan roƙe shi ya ci gaba da ba da labari ko da na ƙirƙira ne. Sai ya naɗe hannu ya ce, "In ban gani ba, ba ni hwaɗi. In kau na gani, ba ni ɓoyewa." Mun ɗauki maganar kamar wata 'yar taurin kai ta tsufa, muna tsokanarsa da ita. Kuma duk lokacin da aka kayar da wani a kokawa, kafin ya yi wa gwani kirari sai ya fara ambaton wanda ya sha ƙasa, ya kira sunan ubansa da garinsu, ya ce, "Ku ba shi hanya shi tashi, gobe ma rana ta." Faɗace-faɗace da yawa sun mutu a wannan 'yar al'ada tasa ba tare da an lura ba.

Sunansa ya kai Sakkwato, har gidan talabijin suka riƙa ɗaukarsa yana yi musu sharhin kokawa da dambe. Ranar da fuskarsa ta fara fitowa a akwatin, mutanen Boɗinga da na Shagari kowa cewa yake nasu ne. Shi kuwa bai sauya hula ba, kuma washegari da sassafe a kan jakinsa aka gan shi za shi fadama.

Sai zamani ya juya. Shinkafa da sabulu da madara suka zama abin bin layi, man janareta ya gagara, gidan kallo ya koma buɗewa jefi-jefi. Siyasa ta raba mutane har a kan tabarmar masallaci, damina kuma ta yi gardama, geron da aka girbe bai rufe gindin rumbu ba. A cikin wannan hali ne wasu manya da suka ci zaɓe suka shirya babbar kokawa a Shagari, aka sa bijimi da buhunan shinkafa ga wanda ya yi nasara. A shekarar yunwa wannan ba kyautar ado ba ce, abincin gida ne har wata damina. Masu ɗaukar hoto suka zo daga Sakkwato, aka ba Malam Altine lasifika, ni kuma ina gefensa kamar kullum.

Karon ƙarshe ya faɗo tsakanin Nomau na Horo Birni da Ummaru, ɗan Malam Altine na cikinsa. Ga wanda bai san ƙa'ida ba: a kokawarmu, da zarar gwiwarka ta taɓa ƙasa an kayar da kai, ko da bayanka bai kai ba. Sun daɗe suna riƙe da juna, makaɗa suna zuga su. Can Nomau ya danno, Ummaru ya rusuna, ya yunƙuro, ya ɗaga shi ya maka shi da ƙasa. Fili ya ɗauka. Alƙalin wasa, wanda yake tsaye ta bayan Nomau, ya nufi Ummaru zai ɗaga hannunsa. Ni a lokacin jama'a sun tare mini gani. Sai na ji muryar Malam Altine a lasifika, ba rawa a cikinta, yana cewa, "A dakata. Gwiwar Ummaru ta hagu ta taɓa ƙasa kahin shi ɗaga. Kaye na Nomau na."

Da wani ne ya faɗa, da an ce ƙiyayya ce ko siyasa. Amma uba ne ya faɗa a kan ɗansa, don haka alƙalai suka haɗa kai, suka ba Nomau. Wani daga cikin manyan da suka tsaya wa Ummaru ya taso har inda muke, ya ce, "Altine, hauka kaka yi? Wa yat tambaye ka?" Ya amsa masa a hankali, "Ranka shi daɗe, idona anka ɗauka aiki." Daga nan ya yi abin da ya saba: ya kira sunan Ummaru, ya kira sunan kansa a matsayin uba, ya kira Lambara, ya ce a ba shi hanya. Ummaru bai ɗago ya dube shi ba. Da aka nuna wasan a talabijin, ashe na'urar ma tana ta ɗaya ɓangaren, ba ta kama gwiwar ba. Babu shaida a duniya sai maganar mutum ɗaya. Kafin mako ya zagayo Ummaru ya bi motar albasa zuwa kurmi, can kudu, bai yi sallama da kowa ba sai mahaifiyarsa, Inna Hajo.

Ba zan ɓoye ba, har yau raina bai kwanta a kan wannan rana ba. Na ga yadda gidan ya shiga bazara da rumbu wayam. Na ga 'yan'uwansa sun daina gaishe shi a kasuwa, ana nuna shi ana cewa ga wanda ya cire abinci daga bakin iyalinsa don a yabe shi. Manyan nan suka sa aka daina kiransa Sakkwato. Ba a jima ba soja suka karɓi mulki, manyan suka watse, gidan kallo ya rufe gaba ɗaya, amma wannan bai mayar masa da komai ba. Wata rana a fadamarsa na kasa haƙuri na ce, "Malam, da ka yi shiru, wa zai sani?" Ya daɗe yana gyara bakin kunyar albasa kafin ya ce, "Nomau ma ɗan wani na, kuma gidansu ma ba hatsi." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma wallahi, Sani, tun ran nan ban yi barci mai daɗi ba."

Ciwon ƙirji ya kwantar da shi da zafin bazara. Duk direban motar albasa da zai yi kudu sai an kira masa shi, ya ba shi saƙon baki. Bai taɓa cewa a gaya wa Ummaru ya yi kuskure ba, bai kuma taɓa cewa a gaya masa yana da gaskiya ba. Saƙon kullum ɗaya ne: "Ka ce mishi babanai na son ganinai." Ranar da na yi masa gaisuwar ƙarshe, muryar nan da take cika fili sai da na kai kunnena bakinsa kafin in ji ta. Tambayata yake ko motocin Talata sun dawo.

Mun yi masa salla bayan azahar. Nomau ya taho a ƙasa tun daga Horo Birni, yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Mutanen da suka daina gaishe shi ma sun cika sahu, ban kuma hana zuciyata jin haushinsu ba. Ummaru bai samu jana'iza ba, bai samu sadakar uku ba.

Ranar addu'ar bakwai, bayan jama'a sun ragu, sai ga shi ya sauko daga bayan wata mota, ya rame, ya yi duhu. Ya shiga wurin mahaifiyarsa, muka ji kukanta daga zaure. Da ya fito ya zauna kusa da ni a kan tabarma. Na yi masa ta'aziyya, na fara neman kalmomin da zan wanke uban da su, ina cewa Malam bai taɓa faɗin abin da bai gani ba. Ya katse ni.

"Malam Sani, ba sai ka hwaɗa min ba. Gwiwata ta, ni nif fi kowa sanin ta taɓa."

Ya ce, "Ban yi hushi don ya yi min ƙarya ba. So niy yi, ko sau guda, shi gan ni shi kau da kai, don ni ɗanai na. Da hushin yaw wuce kuma sai kunya ta hana ni dawowa hannu wohi. Saƙonai duk sun ishe ni. Cewa nike bari in haɗa kuɗin buhu guda tukuna." Ya rufe fuska da hannuwansa. Buhun geron da ya zo da shi yana jingine a bakin zaure inda yaran mota suka sauke shi, babu wanda ya iya taɓa shi.

Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai, ya sa na rubuta wannan. Uba yana jiran ɗa, ɗa yana hanya, a kan maganar da tun farko babu saɓani a cikinta tsakaninsu.

Ya Allah, Ka ji ƙan bawanKa Altine, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa gaskiyar da ta jawo masa baƙin jini a duniya ta zama haske gare shi. Ka ba Inna Hajo da ƙananan yaran da ya bari haƙuri da abin rufin asiri a wannan matsi da muke ciki. Ummaru kuma, ya Ubangiji, Ka sanyaya masa zuciya, Ka ba shi ikon yafe wa kansa, Ka haɗa shi da mahaifinsa a gidan da ba a makara. Amin.