Ruwan da Ya Girmi Kakanninmu

Ni mahaƙin rijiya ne, gadon ubana. Lokacin da anka samu mulkin kai na riga na haƙa rijiyoyi daga Filinge har Bonkuku, kuma in ka ba ni ruwa a ƙwarya, kurɓi ɗaya ya isa in faɗa maka gefen kwarinmu da anka ɗebo shi.

Da babban fari ya zo, rijiyoyina sunka fara ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. Gwamnati ta kawo inji, anka huda ƙasa kusa da garinmu, zurfin da ba igiyar da za ta kai. Ruwa ya fito da ɗumi. Na kurɓa, na ce wa abokan sana'ata wanga ruwa ba na damanarmu ba ne. Sunka yi dariya, wai kishin inji nake.

Ran nan wani ma'aikacin ruwa ya sauka daga Yamai, saurayi ɗan ƙasarmu da ya yi karatu waje, da akwati cike da kwalabe. Anka turo shi wurina don na san rijiyoyi. Kwana huɗu muna yawo. Ko'ina sai ya ɗauraye kwalba sau uku, ya cika ta fal, ya toshe da kakin zuma.

Na ce, "Mushe," don haka muke kiran ma'aikata da Faransanci, "ciwo kake nema a ciki?"

Ya ce, "A'a, Baba. Shekarunsa nake nema."

Ya bayyana mini a hankali. Ruwan sama yana shiga ƙasa da wani abu na iska wanda ke raguwa kaɗan-kaɗan, abin da ya saura shi ke faɗin daɗewarsa. Kuma cikin ruwa akwai ƙwayoyi masu nauyi da marasa nauyi, ruwan zamanin sanyi bai cika masu nauyin ba. Gishirinsa ma yana nuna yadda rana ta sha shi kafin ya nutse.

Na ce, "To, rubuta ka ajiye. Na inji tsoho ne, na rijiyoyina ɗan jiya ne."

Bayan wata bakwai ya dawo, ya same ni bakin kwamin da dabbobi ke shan ruwan inji, tare da wani makiyayi abokina da shanunsa sunka ƙare saura tara. Saurayin bai ko gama gaisuwa ba ya ce, "Baba, ka yi gaskiya. Wanga ruwa ya zubo shekaru dubbai da sunka wuce, sa'ad da ƙasar nan ta fi sanyi da laima, da tafkuna ko'ina."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma makiyayin bai yi murna ba. Ya ce, "Ke nan in mun shanye, ba mai zuba wani?"

Saurayin ya ce yana da yawa, sai dai damanar yanzu ba ta mayar da shi yadda ake ɗiba.

Dukanmu munka dubi kwamin. Ya tsage ta gindi tun watanni, ruwa na tsiyaya cikin rairayi, kowa na tsallakewa. Washegari na ɗauko buhun siminti da na ajiye don ɗakin uwargidana, na liƙe tsagar. Makiyayin ne ya kwaɓa mini. Ita kuwa ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba.