Daɓen Filin Kurket

Mu shida ne a tsakar gida ranar, in an ƙirga da ni. Akwai babban ɗana, wanda bakina ba ya kama sunansa, yana zaune a kan kifaffen turmi, taɓon fadama bai ko bushe a ƙafarsa ba. Akwai matarsa a bakin madafa, riƙe da ludayin da ta manta ta ajiye. Akwai ƙanensa direba, mai jigila tsakanin Tudun Wada da Doguwa, wanda gaisuwa kawai ta biyo da shi ya tarar da magana. Akwai malamar wasanni ta makarantar 'yan mata, ta durƙusa a gefen tabarma, an yi an yi ta zauna sosai ta ƙi. Sai jikata, takwarata, 'yar babban, ta jingina da bango ta danne bakinta da tsumma. Leɓenta ya kumbura, rabin haƙorinta na gaba ya tafi. Ni kuwa na miƙe ƙafafu a tabarma, don tun da muka dawo daga fili gwiwoyina suka ƙi lanƙwasuwa.

Magana ɗaya ce ta tara mu: ko yarinyar za ta sake riƙe katakon kurket, ko kuwa shi ke nan.

Ni da can ban san akwai wani abu wai shi kurket ba. Yarinyar ce ta shigo mana da shi gida. Ta samo guntun katakon wani ɓallallen benci, ta sa ƙannenta suna jifanta da ƙwallon goruba tana kaɗewa, har ranar da suka fasa mini tulu. Da na tsare ta, sai ta ce ai wasa ne da sabuwar malama ta kawo, kuma ana ɗibar waɗanda za a koya wa sosai bayan la'asar, a filin da ke bayan makaranta. Ta roƙi ubanta ya ƙi. Malamar ta zo da kanta ta ce masa 'yan mata ne zalla, da dogon wando da hijabinsu. Daga ƙarshe sai ya ce ya yarda, amma da sharaɗin ni zan riƙa raka ta, in zauna har a tashi. Ya san ni, ko gidan suna sai ya zama dole nake zuwa. Ya ɗauka ni zan ƙi masa, ya huta.

Na ce zan je. Ba don wasan ba. Ni dai ba na karɓar labari a bakin kowa, sai abin da idona ya gani.

Tafiyar ba ta kusa ba ce ga mai shekaruna. Sai mun tsallaka magudanar ruwan da ke zuwa daga Tiga, mu bi gefen gonakin tumatir, mu haura tudu. Yarinyar tana gaba da 'yar kujerata a ka, ni ina baya ina jan ƙafa. A gindin wata ɗorawa nake zama, kusa da wata Bafulatana mai tallan fura da nono da ke yada zango a nan kafin ta wuce rugarsu.

Kwanakin farko ban ga komai ba sai ɓata lokaci. Yara sun warwatsu a fili sun yi cirko-cirko kamar masu tsaron tsuntsu a gonar shinkafa. Ɗaya ta yi jifa, ɗaya ta doka ko ta kuskure, a ɗauko, a sake. Na ce wa Bafulatanar, da surfe aka ba su da sun fi amfani.

Amma wanda ya saba kallo ba ya daɗewa bai gano kan abu ba. Sanduna uku ne ake kafawa, a ɗora musu 'yan ƙirare biyu a ka. Mai katako ita ce mai tsaron su, kamar mai tsaron ƙofa. Mai jifa ta taho da gudu, ta wulwulo hannu a miƙe ba lanƙwasa, ta saki ƙwallo ta daki ƙasa tukuna, sannan ta taso wa mai katako. In ta doke ta ta yi nisa, sai ita da abokiyarta, mai katako ta ɗaya ƙarshen, su yi ta musayar wuri da gudu, ana ƙirga musu. In ƙwallo ta zubar da ƙiraren, ko wata ta cafe ta a sama, to mai katako ta fita, ba roƙo ba magiya. Wannan ne ya fara kama ni. Rai ɗaya gare ki, duk abin da kika tara kuskure ɗaya ya ishe shi. Haka na san duniya.

Tun ina kallo don tsaro har na koma kallo don kaina, ko da yake ban faɗa wa kowa ba. Na san wadda ke cije leɓe in za ta yi jifa mai ƙarfi. Na san wadda hankalinta ke tafiya in ta daɗe a tsaye, kuma lallai ta wurinta ƙwallo za ta wuce. Bafulatanar in ta sauke ƙwaryarta sai ta tambaye ni su wa ke gaba, in faɗa mata, ta yi dariya ta ce na zama alƙali ba rawani.

Takwarata kuwa da farko abin haushi ce. Komai aka jefo sai ta kai masa duka kamar mai korar kaji daga shanya. Malama ta yi ta fama da ita: ta tura ƙafa gaba, ta riƙe katako a tsaye, ta bar ƙwallo ta zo ta same ta. A hanyar gida na ce mata ba wannan ne ciwonta ba, ciwonta shi ne tana rufe ido in ƙwallo ta iso.

Ta ce, "Kai, Kaka, ke da ko riƙe katakon ba ki taɓa yi ba."

Na ce, "Keke ma ban taɓa hawa ba, amma na san wanda zai faɗi."

Ta yi fushi har gida. Bayan 'yan kwanaki na ga ta daina rufewa. Ranar da ta fara doka ƙwallo ta wuce kowa ta shige ciyawa, ban tafa ba, ba halina ba ne, amma goron da ke bakina sai da na haɗiye shi ban sani ba.

Direban nan shi ya taɓa nuna mini a wayarsa yadda manya ke yi a wata ƙasa, maza cikin fararen kaya. Ban kula da mutanen ba kamar yadda na kula da filin. Ko'ina ciyawa ce shar, amma tsakiya, inda ake jifa, wani dogon wuri ne fes, a daddale kamar tsakar ɗaki.

Duk wannan bai hana ni gajiya ba. In mun dawo, sallar magariba a zaune nake yin ta. In shafa man zafi, in yi nishi, in yi mita cewa yaran zamani za su kashe ni da sauran kwanana. Duk gidan ana ji. Kuma ba ƙarya nake ba.

Da farko da ƙwallo mai laushi suke yi. Da hannunsu ya faɗa, sai malama ta fito da ta gaske, ja, ta fata, mai ɗinki a tsakiya, tauri kamar dutse. Lokacin damina na ƙarewa. An yi wani ruwa na ƙarshe, shanu suka ratsa filin za su mashaya, suka bar sawun kofato, rana ta zo ta busar da shi ya yi ƙarfi. Ranar da abin ya faru, yarinyar ta tsaya yadda ake so, ƙafa gaba, ido buɗe. Ƙwallo ta sauka a bakin wani sawu, maimakon ta taso daidai gwiwa sai ta yi tsalle ta same ta a baki. Hular kwano ɗaya ce a makarantar, kuma tana kan wata yarinya da ke tsugune bayan sanduna tana taren ƙwallo.

To shi ne muka taru.

Malama ta fara ba da haƙuri, ta ce laifinta ne, ita ya kamata ta duba ƙasar. Babban ya ce bai riƙe ta da komai ba, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma yau haƙori ne, gobe ido, kuma 'ya mace ce. Direba ya ce a bar shi ya sa mata haƙorin Makka, ta zama hajiya ba ta hau jirgi ba. Ba wanda ya yi dariya sai yarinyar, ita ma zafi ya katse ta. Uwarta kuwa ta koma ta juya miyar da ba ta bukatar juyi.

Daga nan sai babban ya juyo da maganar kaina. Ya ce ko ba don haƙorin ba, shi ya daɗe yana jin nauyin abin da ya ɗora mini. Ya ce yana jin nishina ta bayan katanga, yana tsoron alhakin uwa, tsohuwa kamata ba ta cancanci hawan tudu saboda wasan yara ba. Ya ce, "Inna ta gaji. A bar ta ta huta."

Duk suka zubo mini ido.

Allah ya sani maganar ta yi mini daɗi. Nan take na hango la'asar ɗina a kan tabarma, ga inuwa, ga rediyo, ba tudu ba magudana. Kalma ɗaya zan faɗa, ko ma in yi shiru, shi ke nan. Da yarinyar ta dube ni da idon roƙo, da na iya ƙi, don ban saba a juya ni da hawaye ba. Amma ba ta dube ni ba. Ƙasa take kallo, ta riga ta sallama, don ita ma ta sha jin mitar tawa.

Na ce masa, "Gajiyar tawa ce, ban ba ka aronta ba. In za ka hana 'yarka, hana ta da bakinka. Kada ka hana ta da gwiwata."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce to haƙorin fa? Na ce ina wurin, da idona na gani. Mai jifa ba ta yi kuskure ba, mai katako ba ta yi ba, ƙasa ce ta yi. Malama ta ce haka ne, a manyan makarantun birni siminti ake shimfiɗawa a tsakiyar, ko a bi wurin da wani ƙaton ƙarfe mai danne ƙasa, su kuwa ba su da ko ɗaya. Ta ce hular kuma daga yau mai katako ce za ta riƙa sawa.

Babban ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce to ya ji, ranar da tsakiyar filin nan ta zama kamar tsakar ɗaki, yarinya ta koma. Ya faɗe ta ne a hankali, irin yadda mai ladabi ke rufe ƙofa ba a ji ƙararta ba. Kowa ya gane. Malama ta yi sallama, direba ya tafi neman fasinja.

Ni kuwa kalmar tsakar ɗaki ce ta tsaya mini. Kafin siminti ya zo ƙauyukanmu, mu ne simintin. A share ɗaki, a zuba jar marmara, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe kowace da madaɓinta, icce mai faɗin ciki da mariƙi, a yi ta duka ana waƙa har ƙasa ta haɗe. Bayan ta sha iska a kawo ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, a yayyafa a sake bi, har ta yi baƙi tana ƙyalli, ko taɓarya ta faɗi ba ta yi mata tabo. Daɓe na ƙarshe da na yi, na ɗakin auren shi wannan babban ne. Matan da muka jeru da su ranar, yawancinsu suna ƙarƙashin ƙasa, sauran kuma ba sa gane mai gaishe su. Na auna tsawon wurin jifan nan a raina, ya fi ɗakuna da yawa a jere. Tunaninsa kawai sai da ya sa bayana ya amsa.

Washegari da na idar da sallar asuba, na sa hannu ƙarƙashin gado na jawo madaɓina. Gara ta ɗan taɓa mariƙin, amma cikinsa lafiya lau. Na kwance ƙullin makubar da ta rage mini tun bazara, na zuba a tsohuwar tukunya, na cika ta da ruwa na rufe, don sai ta kwana biyu kafin a neme ta.

Babban ya shigo gaisuwa kafin ya wuce fadama. Da muka gama na ce masa ina son jar marmara a amalanke, a kai mini bayan makaranta kafin rana ta yi zafi, da ƙaya ta shinge saboda shanu. Ya daɗe yana kallon madaɓin da ke gefena.

Ya ce, "Inna, bayanki fa."

Na ce, "Yana nan tare da ni."

Ya ce, "To."

Muka fita, yarinyar a gaba da bokitin ruwa a ka da kumburarren leɓenta, ni a baya. Tudun bai rage mini komai ba. A fili na nemo sawun da ya karya haƙorin, ban sha wuyar gane shi ba. Na durƙusa da ƙyar, na yayyafa masa ruwa, na jira ya tsuma. Ta ce in ba ta madaɓin ita ta yi, na ce ta tsaya ta kalla tukuna, nata na zuwa. Ban yi waƙa ba, don babu mai amsa mini. Na ɗaga madaɓi na sauke, na sake ɗagawa, ina yi ina hutawa, har na jiyo kukan ƙafar amalanke daga gindin tudu.