Tsuntsayen da Ke Ɗibar Ruwa da Ƙirji

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata, amma ranar da na shiga tsibirin tsuntsaye da tsakar rana tana nan a idona, kuma da ita za a kai ni kabari. Abin ya faru ne 'yan shekaru kafin babban yaƙin Anasara, ina sabon magidanci mai ji da ƙarfi, mai ganin duk ƙauyenmu babu wanda ya fi shi dabara.

A lokacin tabkin da ke kusa da Keita ba ya ƙafewa. Idan bazara ta yi, ruwa ya ja baya, wani tsibirin rairayi yakan fito a tsakiyarsa, sai wasu fararen tsuntsaye su sauka a kai. Sirara ne, masu baƙar hula da wutsiya mai baki biyu kamar almakashi. Ba sa yin sheƙa. Ɗan rami kawai suke yi a rairayi su zuba ƙwai biyu ko uku masu ɗigo-ɗigo, waɗanda sai ka kusa taka su kake gani. Mu dai tsuntsayen tsibiri muke ce musu.

Tsaron tsibirin a hannun gwaggona yake, yayar mahaifina, ita ma gadonsa ta yi. Ƙa'idarta ɗaya ce: a shiga da asuba, a fita kafin hantsi. Takan ce idan aka ɓata musu ƙwai sun bar wurin ke nan har abada, kamar yadda suka bar wani tabki a wajen Tama a zamanin kakanninmu. Ba ta taɓa faɗin dalilin hana shiga da rana ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka zancen aljanun ruwa ne irin na tsofaffi.

A wannan bazara wani Anasara ya sauka a ƙauyenmu da tafintansa da jakuna biyu. Dogo ne siriri, rana ta toye masa wuya. Tafinta ya ce ba sojan gwamnati ba ne, masanin tsuntsaye ne, yana so ya ƙidaya na tsibiri ya san nawa ke ƙyanƙyashewa, don a hana masu kwasar ƙwai da shanun da ke ratsawa idan ruwa ya ja. Wani dattijo ya ce, "Yau kuma tsuntsaye anka zo ƙidaya? Su ma aikin tilas za a kai su?" Aka yi dariya, amma mai gari bai yanke magana ba sai da ya dubi Gwaggo.

Ta dubi baƙon ta ce, "Na yarda, amma ɗan ƙanena za shi kai shi, don ya san ƙa'ida. In wani abu yas samu ƙwan nan, ni za a tambaya."

Haka muka fara. Kowace asuba sai in ɗora shi a kan gadon kara da muka ɗaura wa manyan goruna, yana zaune ya rungume kayensa na rubutu, ni ina iyo ina tura shi. Ya ajiye ɗan faffaɗan dutse mai lamba kusa da kowane rami, yana dubawa yana rubutawa, ba ya magana, ba ya gudu. Da ya ga Gwaggo ta ɗaga mayafinta daga gaɓa sai ya rufe littafinsa ko da bai gama ba. Anasara guda yana bin umarnin tsohuwar ƙauye, wannan kaɗai ya ishi mutane hira.

Sai zazzaɓi ya kwantar da shi, aka ɗauke shi zuwa Keita. Kafin ya tafi ya ba ni jakar fata da tsakuwa, ya ce kullum in zaga, duk ramin da na tarar ƙwansa na nan in jefa tsakuwa ɗaya. Kwana biyu na yi da asuba. A na uku hadari ya fara leƙowa daga gabas, ga gonata ban gama shara ba. Sai na yi irin lissafin mai kiwon kaji. Na ce ai ƙwai ɗumi yake so, shi ya sa kaza ke kwanciya a kansa. To idan haka ne, da rana tsaka ma ya fi, tunda ko uwar ta tashi rana za ta yi mata aikin. Har na ji daɗin kaina, ina cewa tsofaffi ba su taɓa tunanin wannan ba.

Na yi shara har rana ta take, na ɗauki gora na faɗa ruwa.

Tun da na taka tsibirin na ga abin ba irin na asuba ba ne. Rairayin yana cin tafin ƙafa. Tsuntsayen kuma ba kwance suke ba, a tsaye suke a kan ramukan, fikafikai a ɗan buɗe, baki a wangale suna haki. Ba su tashi ba sai da na kusa taka su. Da suka tashi kuwa, gaba ɗaya suka tashi, sama ta yi fari fat, kuka ya cika kunne har ban ji motsin ruwa ba. Suna sukuwa a kaina suna sara, jini ya gangaro mini ta goshi. Na ce ai namiji ba ya gudun tsuntsu, na ci gaba da jefa tsakuwata, na bi gefen gabas rami bayan rami.

Can sai na ga wata ta faɗa wa ruwa. Na zaci kifi ta gani, amma ƙirjinta kawai ta goga ta taso. Ta nufo ramin da ke gaban ƙafata, ruwa na ɗiga daga gashinta, tana so ta sauka tana tsorona. Ta koma ta sake jiƙowa, ta sake dawowa. Na sunkuya na ɗauki ƙwan. Zafinsa kamar an ciro shi daga toka.

A nan na ji muryar Gwaggo tana ratso ruwa. "Hita! Kai ɗan nan, hita! Dahwa su kaka yi!"

Na ajiye ƙwan na ruga, na nutse har wuya na riƙe gora. Ban iya tafiya ba, don abin da na gani ya ɗaure ni. Tsibirin duka ya koma kai da kawowa. Wannan ta goga ƙirji a ruwa ta koma, waccan ta taso, layi na zuwa layi na komawa kamar mata a bakin rijiya, ɗigon ruwa na walƙiya a cikin rana. Kowace ta sauka sai ta manna jiƙaƙƙen ƙirjinta a kan ƙwai, abokinta ya tsaya ya buɗe fikafikai ya yi musu inuwa. Ashe da rana ba ɗumi suke ba wa ƙwan ba, sanyi suke kai masa. Na ji bakina yana ta maimaita subhanallahi. Tsuntsun da bai cika tafin hannu biyu ba ya san abin da ni mai gemu ban sani ba.

Da na fito, Gwaggo ba ta zage ni ba, wanda da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Da bakina nic ce ka san ƙa'ida. Mi za ni ce ma mai gari?"

Na ce, "Gwaggo, don mi ba ki taɓa gaya mini dalili ba?"

Ta ce, "Don mi ba ka taɓa tambaya ba?"

Da Anasara ya dawo na faɗa masa komai ta bakin tafinta. Sai ya cire malafarsa ya zauna a ƙasa gaban Gwaggo yana tambaya yana rubutawa. Washegari da rana ya zauna a gaɓa da madubinsa na hangen nesa har la'asar, ko ruwa bai nema ba. Shi ma bai taɓa ganin abin ba.

Sauran tsibirin ya ƙyanƙyashe, 'yan tsaki masu launin rairayi suka cika ko'ina. Gefen gabas da na bi kuwa shiru. Iyayen suka yi ta zama a kan ƙwan da ya riga ya mutu, suna kai masa ruwa, har suka haƙura. Gwaggo ta sa na kwashe su da hannuna na binne, ta je gaban mai gari ta ce laifinta ne. Shekara guda na yi ban iya haɗa ido da ita ba, kullum ina tunanin tabkin Tama.

Da bazara ta zagayo, kowace safiya ina gaɓa. Ranar da na hango farin abu yana shawagi a kan tsibirin, da gudu na je na goyo Gwaggo, don lokacin ƙafa ta fara gaza mata. Sun dawo. Amma ko ɗaya ba ta sauka a gefen gabas ba, kuma har tabkin ya ja da baya a shekarun baya ban sake ganin ƙwai a wurin ba. Gwaggo ta daɗe tana kallo, sannan ta cire mayafin da take ɗagawa ta miƙa mini. Ta ce, "Riƙe. Wanda wuta tat taɓa shi yas san zahinta."

Ni na tsare tsibirin bayanta. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne kada in auna halittar Allah da kajin gidanmu, kuma idan babba ya hana ni abu in tambayi dalili kafin in raina. Duk wanda na hana shiga da rana kuwa ban bar shi da hani kawai ba. Nakan zaunar da shi a gaɓa rana tsaka in ce ya duba da idonsa.